Awa Ɗari Kafin Waya Ta Nuna

Kai mai sabon kayan sauti, irin wanda ke zuwa gunduwa-gunduwa cikin kwalaye biyar, matso kusa. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, an ɗaukar maka alkawari: cikin kwana ashirin wayar lasifikarka za ta nuna lugub, abokanka za su riƙa tuɓe takalmi tun daga zaure, mutanen gidanka kuma za su daina yi maka magana, abin da zai ƙara maka damar sauraro. An gwada hanyar nan a Ƙofar Jatau, cikin Zariya, a gidan Malam Aƙilu akawu, shekarar da zafi ya daɗe ruwa bai sauka ba. Ta yi aiki fiye da yadda shi kansa ya sani.

1. Ka yarda cewa sabuwar waya ɗanya ce

Wanda bai yi karatu ba yana zaton waya waya ce: ka soka nan, ka soka can, kiɗa ya fito. Kai ka wuce nan. Ka sani cewa wayar da ke kai sauti daga na'ura zuwa lasifika, in sabuwa ce, ɗanya ce shataf kamar ayabar da aka saro jiya. Sai sauti ya yi awa ɗari yana bi ta cikinta kafin ta saki jiki ta nuna. Kafin nan duk abin da ka ji ta cikinta ba kiɗa ba ne, ko da kuwa kunnenka ya ce maka kiɗa ne. Kada ka yarda da kunnenka. Me ya sani?

Malam Aƙilu ya samo ilimin nan cikin wata mujallar Turawa da abokinsa Kabir ya ara masa, wadda bangonta ya yage. Tasa wayar kaurinta ya kai babban yatsa, baƙa wuluk, bakinta ruwan zinariya, tsawonta bai wuce kamu huɗu ba, ɗaya ta lasifikar dama, ɗaya ta hagu. Ranar da Dogara, mai gyaran rediyo na Wusasa, ya zo haɗa masa kayan a falo, Aƙilu ya yi masa bayani tiryan-tiryan.

Dogara ya juya wayar, ya shinshina ta, ya ce, "Malam Aƙilu, shekarata ashirin ina gyaran rediyo, ban taɓa ganin ɗanyar waya ba."

Aƙilu ya ce, "Shi ya sa har yau gyaran rediyo kake yi."

Ka haddace amsar nan. Tana aiki a kan makanike, tela, da duk wanda ya san abin da yake faɗa.

2. Ka kawar da tsohon rediyon gidan

Ba a haɗa kayan kwaliti da tarkace a gida ɗaya. In akwai wani tsohon rediyo mai kaset, wanda aka ɗaure murfin batirinsa da kyauro, wanda mahaifiyarka ke jin sanarwar rasuwa da wa'azin safe a cikinsa, ka miƙa wa mai gyara ya tafi da shi. Haka Aƙilu ya yi da na Iya. Ka ce mata ta kwantar da hankalinta, nan da kwana kaɗan za ta ji mai sanarwa kamar a bakin gadonta yake zaune. Babu tsohuwar da ba ta son wannan.

3. Ka zaɓar wa waya abincinta

Ba a nunar da waya da kiɗan kalangu ko waƙar Indiya. Mujalla ta ce abin da ya fi shiga jikinta shi ne shuuu ɗin nan da rediyo ke yi in an murɗa shi tsakanin tasha da tasha. Ka ɗauki wannan shuuu a kaset biyu, gaba da baya. Ka juya lasifikokin su fuskanci juna kamar masu gulma, ka lulluɓe su da bargo. In babu bargon da ya isa, akwai na matarka.

Ranar farko da aka kunna a gidan Aƙilu, Iya na ɗakinta ta ji shuuu ta tagar falo. Ta fito da sauri, gwiwa na ƙara, tana kwashe shanya tana hamdala, tana kiran surukarta: "Hauwa! 'Yar nan, fito da bokitai, rahama ta sauka!" Ta ɗaga kai, rana tsaka, sama fes babu ko ƙyallen gajimare. Ta mayar da shanyar ɗaya bayan ɗaya.

Kada irin wannan ya dame ka. Alama ce sautin yana fita da kyau.

4. Ka samo wanda zai yi aikin

Masani ba ya zama gadin waya. Masani yana da ofis. Kaset kuwa duk minti arba'in da biyar sai an juya shi, in an ɗauke wuta sai a tsayar da lissafi, in an kawo a ci gaba. Wannan aikin mace ne mai haƙuri, wadda ta yi firamare har ta iya duba agogo, amma ba ta yi nisan da za ta tambayi dalili ba.

Hauwa ta dace. Tun da aka kawo ta gidan shekara biyu da suka wuce, ba a taɓa jin muryarta ta tsallake katanga ba. In mijinta na magana, ƙafarta take kallo. Ga ciki wata shida. Aƙilu ya ba ta alli, ya nuna mata bayan ƙofa, ya ce kowace awa ta ja layi ɗaya. Ya nuna mata maɓalli biyu da aka yarda ta taɓa. Sauran ashirin da wani abu, ya ce ko ƙura ta gani a kansu ta bar musu kayansu.

Ta ce, "To, Malam."

Daga ranar, tana tuƙin tuwo za ta ji ƙas, ta ajiye muciya ta wanke hannu ta ruga. Tana sallame salla za ta ji ƙas. Miya ta ƙone sau biyu. Waya dai ba ta taɓa yin yunwa ba.

5. Kada ka bar baƙuwar murya ta ɓata mata tarbiyya

Nan ne ake gane na gaske. Abin da waya ta fara ji, shi take riƙewa har abada. Jarrabawa kuwa za ta zo, kuma ta inda ba ka zata ba.

Ta Aƙilu ta zo ne layi na talatin da ɗaya, cikin aljihun Alhaji Labaran na Ƙofar Kibo, ɗan kasuwar nan mai zirga-zirga tsakanin Jidda da gida. Ya yi sallama a zaure bayan la'asar, ya fito da kaset naɗe cikin leda, ya ɗaga murya yadda na cikin gida za su ji.

"Saƙon Sakinatu ne. Da hannunta ta ba ni, tana kuka."

Sakinatu ƙanwar Aƙilu ce, autar Iya. Shekara shida da suka wuce ta bi mijinta aikin hajji, suka ƙi dawowa, suka zauna can neman abinci. Iya ta hana ta tun kafin tafiya, ba ta ji ba. Tun daga nan Iya ba ta aika mata ko gaisuwa ba, in an ambaci sunanta sai ta tashi ta shiga ɗaki. Amma zanen da Sakinatu ta bari yana ƙasan akwatinta, Hauwa ta sha ganin tana fito da shi tana ninkewa, alhali a ninke yake.

Alhaji Labaran ya ci gaba, "Ta ce lallai in koma mata da muryar Iya. In na koma babu amsa, ta san ba a huce ba, ba za ta sake damun kowa ba. Ni kuwa Juma'ar sama zan wuce Kano in hau jirgi. Kafin nan a kawo mini."

Iya na tsaye bayan katangar zaure, ta dafa bango. Hauwa na bayanta riƙe da buta.

Ga abin da za ka yi. Ka karɓi kaset da hannu biyu, ka yi godiya, ka raka baƙo. Sannan ka duba shi da kyau, ka ga irin mai araha ne, an ɗauka da ƙaramin rediyo a ɗaki mai fanka. Ka sa shi cikin jakar ofis ka rufe.

Aƙilu ya leƙo tsakar gida ya ce, "Iya, ki ƙara haƙuri kaɗan. In aka sa wannan yanzu, waya za ta koyi ƙaramar murya. Saura awa sittin da tara. Wallahi ranar nan za ki ji Sakinatu kamar ki miƙa hannu ki taɓa ta. Lokaci zai isa."

In wani ya ce a kai gidan maƙwabta a ji, ka tambaye shi ko yana so gobe a ji sirrin gidanku a bakin famfo. Wannan kam gaskiya ce, shi ya sa take da amfani.

6. Ka kasance ɗan fari

Wannan mataki ba kowa Allah ya ba ba. In kai ne ɗan farin mahaifiyarka, ka gode masa. Uwa ta gari tana kunyar ɗanta na fari: ba ta kama sunansa, ba ta shiga ɗakinsa, ba ta tsayawa ta yi ja-in-ja da shi. Shekara talatin da huɗu Iya ba ta taɓa cewa "Aƙilu" ba. In za ta yi masa magana sai ta juya wajen Hauwa, ko wajen tukunya. Uwar da ba ta iya kiran sunanka, ta yaya za ta ce ka buɗe jaka?

Abin da kawai ta yi, ta kalli Hauwa ta ce, "Ki ce wa mijin naki na ji."

Ta shiga ɗaki. Tuwon ranar ya dawo kamar yadda aka kai shi, an ɗan gutsuri gefe don kada a ce. Washegari ta fara wata sabuwar ɗabi'a: in ta fito alwala sai ta ratsa ta ƙofar falo, ta tsaya daga waje, ta ce, "'Yar nan, zanen allin nan ya kai nawa?" Hauwa ta ƙirga ta gaya mata. Iya ta lissafa da yatsu, ta kalli wayar wutar da ta shigo gidan, ta yi mata addu'a.

Ka ga amfanin ilimi. Har tsohuwa ta shiga harkar.

7. Ka gayyato masanin da ya fi ka

Kowane masani yana bukatar wani masanin da zai gano kuskurensa, in ba haka ba aikin zai ƙare da wuri.

Ranar Litinin, saura kwana huɗu Alhaji Labaran ya tafi, layi ya kai tamanin da takwas. Da yamma Kabir ya zo a kan babur ɗinsa, ya ɗaga bargo, ya durƙusa bayan kabad da tocila a baki. Can sai ya miƙe yana salati.

"Mutumina, wa ya haɗa maka wannan?"

"Dogara. Me ya faru?"

"Ka ga 'yar kibiyar nan da aka zana a jikin waya? Daga amfilifaya ya kamata ta nufi lasifika. Taka baya take kallo. Kwana tara kana koya wa sauti tafiya da baya!"

Aƙilu ya zauna daɓas. "Yanzu ya za a yi?"

"Ribas. A juya ta, a faro daga ziro. Ka ma gode Allah ba ta kai ɗari ba, da ta sangarce."

Hauwa ta kawo musu ruwa, tana bakin labule ta ji komai. Da Kabir ya tafi, Aƙilu ya miƙa mata tsumma ya nuna bayan ƙofa. Ta tsaya riƙe da tsumman. Abin da ba ta taɓa yi ba ta yi, ta buɗe baki ba a tambaye ta ba.

"Malam, Alhaji fa Juma'a zai tafi."

"Zai dawo ai. Ba duk wata shida yake zagayowa ba?"

"Ta ce in ba ta ji amsa ba..."

"Hauwa, shekara shida aka yi ana jira, wata shida ne zai gagara? Abin da za a yi sau ɗaya a rayuwa, a yi shi da kwaliti. Goge."

Ta goge layi tamanin da takwas. Da ta fito, Iya na zaune kan tabarma, ta kalli farin allin da ke hannunta, ba ta tambayi nawa ba. Ta naɗe tabarmarta ta shige. Hauwa ta ji ƙarar murfin akwati.

8. Ka tafi ofis hankali kwance

Mace mai kunya ba ta taɓa abin da aka hana ta. Ka riƙe wannan, zai ba ka barci mai daɗi.

Talata ranar awon ciki ce, kuma asibitin a Wusasa yake. Da Hauwa ta fito daga awo, maimakon ta nufi inda ake shiga mota, sai ƙafarta ta kai ta shagon Dogara. Ta yi kusan minti goma a tsaye gefen ƙofa, mayafi har hanci, tana jira masu karɓar gyara su watse. Shi ya gane ta.

"A'a, matar Malam Aƙilu! Ya ɗanyar waya, ta fara ja?"

Da ƙyar ya ji abin da ta ce. Rediyon Iya take tambaya, ko zai ara mata na yini ɗaya.

"Kash. Wani mutumin ƙauye ya ɗauke shi tun makon jiya. Lafiya dai?"

Ta gaya masa, idonta a ƙasa, tana murza bakin mayafi. Ta ce ko ta sami kaset ɗin, Iya ba za ta shiga ɗakin ɗanta ba. In kuma aka ƙure sauti don ta ji daga waje, har gida na uku sai sun ji. Wayar kuma gajera ce, lasifika ba ta ko kai bakin ƙofa.

Dogara ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, ya warware siririyar waya ja da baƙi, irin wadda ake ja wa kwan fitila a rumfar mai shayi, ya yanko mai tsawo. Ya haɗa mata da ƙaramin makirufo mai tsatsa a wuya.

"Ja wajen ja, baƙi wajen baƙi. Wannan kuma akwai rami a gaban dek, wurin saka kaset, an rubuta harafi uku a kansa, nan za ki soka. In za a ɗauki magana, ki danna jan maɓalli da na kusa da shi lokaci ɗaya. Kin iya?"

"An ce kada in taɓa su."

"Ba sa cizo. Ki gaida Iya. Ki ce mata ni ma uwata tana ƙauye."

Laraba da safe Aƙilu ya shiga wanka yana waƙa. Hauwa ta buɗe jakar ofis, ƙarar makullin jakar ta kusa tona mata asiri. Ta zare kaset ɗin Sakinatu daga gidansa, ta saka na shuuu ɗaya a madadinsa. Malam ya fito, ya shafa turare, ya rungumi jaka, ya ce a kula da waya. Haka ya yini a ofis yana gadin shuuu.

Hauwa kuwa ta cire ƙatuwar wayar daga lasifikar hagu. Garin cirewa, bakin zinariyar nan ya ɓalle ya gangara ƙarƙashin kabad. Ta ce innalillahi, ta tsaya, ta ga tsayuwa ba za ta mayar da shi ba. Ta ɗaura ta Dogara, ta zura ta taga, ta ja ta tsakar gida ta kan igiyar shanya. Ta rungumi lasifika kan cikinta, tana nishi, ta dire ta kan gadon Iya.

Iya ta ce, "Ke 'yar nan, me kika yi?"

"Iya, zauna kusa."

Ta koma falo ta saka kaset ta danna. Ta dawo da gudu-gudu, ta tarar an fara.

"Assalamu alaikum. Iya, ni ce. Sakinatu ce. Iya ina wuni?"

Iya ta ce, "Lafiya lau," kamar yadda ake amsa wa mutum. Ta gyara ɗankwalinta.

Ana jin fanka a bayan muryar Sakinatu. Ta gaida kowa da sunansa, gida-gida, har ta zo kan Baba Inuwa mai goro. Iya ta ce wa lasifika, "Inuwa ya rasu, shekara uku ke nan." Sakinatu ta ce ta haihu, mace, sunan Iya aka sa mata, har tana gudu. Aka ji wata ƙaramar murya ta ce wani abu da Larabci aka yi dariya. Sannan muryar Sakinatu ta dawo.

"Iya, ki yafe mini. Ban ji maganarki ba. In kin ce in zo, bayan hajjin bana zan zo, ko shi bai zo ba. In kuma ba ki ce ba, to, na sani."

Iya ta ɗora tafin hannunta kan ragar lasifika, ta bar shi a nan. Da kaset ya ƙare ta ce, "Mayar." Sau huɗu ana mayarwa. Wayar da aka hana ƙaramar murya, yini guda ba ta ji komai ba sai ita, ko da yake ta dama ce kaɗai ta ji, ta hagu tana ƙasa a yashe.

Wajen ɗaukar amsa aka sami matsala: igiyar makirufo ba ta wuce taga ba. Iya ta fito ta tsaya a tsakar gida, ta ba ɗakin ɗanta baya, Hauwa ta miƙo mata ta tagar. Babu sabon kaset a gidan, sai na shuuu na biyu. Hauwa ta saka shi, ta yi bisimilla, ta danna maɓallan da aka hana ta.

Iya ta riƙe makirufo kamar ludayi. Shekara shida tana tara magana. Ta buɗe baki, ta rufe, ta sake buɗewa.

"Sakinatu. Na ji. Na yafe duniya da lahira. Ki taho, ki zo mini da takwarata. Zanenki yana nan."

Ta miƙa wa Hauwa. "Kashe, kada a cinye wa mutane wuta."

Kafin la'asar lasifika ta koma ƙarƙashin bargo. Bakin zinariya dai ya ƙi komawa. Hauwa ta bar ta Dogara a ɗaure, ta naɗe rarar ta cusa bayan kabad, ta shimfiɗa ƙatuwar a gaba yadda ido zai gan ta, ta tura guntulallen bakinta ƙarƙashin darduma. Ta ja layukan ranar cif. Washegari kaset ɗin Sakinatu ya koma jaka lokacin wanka, Iya kuma ta yafa mayafi ta taka da ƙafarta har Ƙofar Kibo, ta kai wa Alhaji Labaran amsa.

Da Aƙilu ya lura kaset ɗin shuuu saura ɗaya, ya tambaya. Hauwa ta kalli ƙafarta ta ce, "Iya ce ta karɓa." Ya buɗe baki, ya dubi ɗakin Iya, ya rufe. Kunyar ɗan fari, ka sani, ba gefe ɗaya take ci ba.

9. Ka yi bikin buɗewa

In layi ya cika ɗari, ka sa a yi zoɓo, ka kira mutane. Na Aƙilu ya cika kwana tara bayan jirgin Alhaji Labaran ya tashi. Kabir ya zo da abokai biyu. Aka yaye barguna, aka ba Hauwa nata. Aka shimfiɗa wa Iya tabarma daga waje, bayan labule, Hauwa na gefenta.

Aka fara da kiɗan Turawa. Ka'ida ita ce a rufe ido, a karkata kai, a ɓata fuska kamar mai ciwon haƙori. Kabir ya tashi, ya kai kunne lasifikar dama, ya kai ta hagu, ya koma, ya dawo.

"Mutumina, ka ji abin da na ji? Ta dama ta yi, ba laifi. Amma ta hagun nan! Ka ji bes? Ka ji yadda tirebul ya buɗe? Wannan ta nuna har ta zarce."

Aƙilu ya ce, "Tun jiya na lura. Ita ce ta fi kusa da bango."

Kabir ya durƙusa ya shafa ƙatuwar wayar da ke kwance kan darduma. "A kira Dogara ya zo ya ji. Waya waya ce, wai!"

Bayan labule Hauwa ta cusa bakin mayafi cikin baki.

Sai Aƙilu ya yi gyaran murya, ya buɗe jaka, ya fito da kaset da yatsa biyu. "Iya, ga ranar da na yi miki alkawari."

"Assalamu alaikum. Iya, ni ce. Sakinatu ce."

Iya ta ce, "Lafiya lau."

"Iya ina wuni?"

Mazan suka dubi juna. Sakinatu ta shiga gaishe-gaishe. Tana kan gidan liman, Iya ta ce, "Inuwa ya rasu." Sai ga Sakinatu: "Ina gaida Baba Inuwa mai goro." Kafin a zo maganar haihuwa, Iya ta riga ta ce Allah ya raya.

Kabir ya cire hula. "Aƙilu, me ke faruwa?"

A nan ake gane wanda ya karanta mujalla har ƙarshe. Aƙilu ya yi ɗan tunani, ya gyaɗa kai a hankali.

"Sipid ne, wato sauri. In waya ta nuna sosai, sauti ba ya ɓata lokaci a hanya. Kunnen tsofaffi yana riga namu kamawa."

Kabir ya ce lallai ya taɓa ganin haka a wani shafi.

Da aka zo inda Sakinatu ta ce, "Yaya Aƙilu, na san kana kula mana da Iya," Aƙilu ya sunkuya yana gyara wani maɓalli da ba ya bukatar gyara. Aka zo wajen neman gafara, aka wuce. Kaset ya yi ƙas. Aƙilu bai ɗago ba ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Iya, amsar... in Alhaji ya zagayo, sai a ɗauka da kyau. Zan nemo makirufo mai kwaliti."

Iya ta miƙe tana naɗe tabarma, ta ce wa Hauwa, "Ki ce wa mijin naki kada ya wahalar da wayarsa."

10. Ka karɓi yabo

Bayan babbar salla da mako uku, tasi ta tsaya a ƙofar gidan, aka sauke akwatuna biyu da buta mai ruwan Zamzam da yarinya mai gudu. Abin da ya faru a tsakar gida ba ya cikin darasin waya. Ka dai sani tuwo bai dawo ba ranar.

Da aka natsa, Sakinatu ta goyi jaririn Hauwa ta zo gaida yayanta a falo.

"Yaya, wa ya yi dabarar nan? Iya ta yi magana ba ta fi ta minti ɗaya ba, sai kuma ruwan sama. Shuuu, har ƙarshen kaset, gaba da baya. Shekara shida ban ji ruwan Zariya ba. Duk matan gidanmu 'yan Nijeriya sai da suka zo suka ji, muna ta kuka. Kamar in miƙa hannu in taɓa."

Aƙilu ya dubi Sakinatu. Ya dubi kaset ɗin shuuu guda ɗaya da ya rage kan kabad. Ya dubi Hauwa, wadda ta tsaya a bakin labule tana nazarin babban yatsan ƙafarta.

In ka kai wannan matsayi, hanya biyu ce a gabanka: ka leƙa bayan kabad, ko ka gyara zama. Aƙilu ya gyara zama.

Ya ce, "Kwaliti ke nan."

Gargaɗi

Wannan takarda ba ta ɗauki alhakin miyar da ta ƙone ba, ko bargon da ya yi warin roba, ko tsohuwar da ta kwashe shanya rana tsaka. In ka bi matakan nan kaf, ƙanwarka ba ta dawo ba, ka binciki gidanka: wataƙila matarka tana jin maganarka. In kuma wata rana shara ta kai ka bayan kabad ka ga siririyar waya ja da baƙi, ba a san ta ba, ba a taɓa ganinta ba, kuma a bar ta inda take, don ita ce ta fi nuna.